Ka tafi da kyamarar da hannunka ya sani

Tambayar ta zo ne daga wani ƙanenmu a sana'a, mai ɗaukar hoton biki a Tudun Wada. Wani ayarin masu ziyara, mutum kusan 40, sun ɗauke shi ya bi su birnin Fas na ƙasar Maroko a watan Janairu, daga can su wuce Umra, ya yi musu hoto da bidiyo. Bai taɓa ƙetare iyaka ba. Yana da kyamara Canon 80D da gilashin kyamara (lens) biyu, 18-135 da 50. Saura sati uku a tashi. Yana so ya sayar da ita, ya ciwo bashi ya cika, ya sayi Sony A7 III da ƙaramin dron, don kada ya ji kunya a ƙasar mutane. Ya ce in faɗa masa wadda zai saya da abin da zai zuba a jaka.

Ƙanena, da farko ina taya ka murna. Aikin da ya haɗa maka ziyara da Umra ba ƙaramin rabo ba ne, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Amsata kuwa ga ta tun kafin in tsawaita: kada ka sayar da kyamararka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba kushe A7 III nake yi ba. Tun da ta fito a 2018 ta ci kasuwa, kuma ta cancanta. Tana ɗaukar bidiyo mai kaifin nan da ake kira 4K, tana cin memori biyu lokaci guda, tana gani a duhu fiye da taka. Amma zauna ka yi lissafi. Gilasanka na Canon ba sa hawa kanta sai da adafta, batiranka ba nata ba ne, fitilarka ma haka. Duk abin da ka tara jikin kyamarar zai cinye, ka tashi da gilashi ɗaya da batir ɗaya da bashi a wuya. Wannan ma mai sauƙi ne. Abin da na fi ji maka shi ne hannunka. Tuna ranar hawan Sallah, sa'ad da mahaya suka sako dawakai za su yi jahi a Ƙofar Fada. Ka taɓa cire ido daga kyamara don ka nemi inda wani maɓalli yake? Yatsanka ne ke zuwa da kansa. Shekaru ka yi kafin ka samu wannan, kuma sati uku ba za su ba ka shi a kan wata kyamarar ba. Ranar da dattijon da ya yi shekara 20 yana tara kuɗin wannan tafiya zai tsaya a ƙofar zawiyar Shehu Tijjani hawaye na zubo masa, daƙiƙa uku gare ka. Idan a lokacin kana laluben menu, ya wuce ke nan, kuma ba a cewa dattijo ya sake.

Batun 4K kada ya ɗaga maka hankali. Mutanen nan a waya za su kalli aikinka, ta WhatsApp za su tura wa 'ya'ya da jikoki, shi kuwa matse bidiyo yake yi ko da me ka ɗauka. Bidiyon 1080 da kyamararka ke ɗauka, mai tsabta, marar girgiza, mai sauti garau, ya ishe su har su yi alfahari da shi.

Na fara wannan sana'a tun zamanin fim, a wani shagon hoto a Sabon Gari, lokacin da hoto 36 ne a cikin fim ɗaya kuma kowanne sai ka yi tunani kafin ka danna. Daga baya aiki ya kai ni Damagaram da Agadas da Kumasi da Kaulaha da Fas da ƙasa mai tsarki. A duk tafiye-tafiyen nan ban taɓa asarar aiki don kyamarata tsohuwa ce ba. Abubuwan da suka taɓa karya ni ƙanana ne, irin waɗanda mutum ba ya ko rubutawa a takardar sayayya: batir, memori, wutar lantarkin ƙasar, iska a makirfo, da rashin neman izini. A nan za ka zuba kuɗinka.

Fara da batir. Dokar jiragen sama ita ce duk batirin da ba ya cikin na'ura, har da fawa bank, a jakar hannu yake tafiya, ba a cikin akwatin da za a auna a kai ƙarƙashin jirgi ba. Dalili shi ne idan batirin litiyam ya kama da wuta a inda mutane suke, ana gani a kashe, a ƙasa kuwa babu mai gani. Ana auna ƙarfinsa da Wh, kuma a rubuce yake a jikinsa. Ƙasa da 100 babu matsala. Daga 100 zuwa 160 sai da yardar kamfanin jirgi, kuma guda biyu kawai. Sama da 160 ba ya hawa jirgin fasinja. Batirin kyamararka, LP-E6N, wajen 14 ne, ka ga ko kusa bai kai ba. Fawa bank mai 20,000mAh yana kan Wh 74, shi ma ya wuce. Manyan nan masu 40,000 da 50,000 da muke saye saboda ɗauke wuta, ka bar su a gida, a filin jirgi ana iya raba ka da su. Wanda rubutun jikinsa ya goge shi ma ana iya karɓewa, tunda ba ka da shaidar ƙarfinsa. Ka tafi da batir huɗu aƙalla, kowanne da murfinsa ko ka liƙe bakinsa da salatif don kada ya haɗu da makulli ko tsabar kuɗi. Caja biyu, domin in ɗaya ta ƙone a daren farko ka zama ɗan kallo. Kuma ka sani Fas a Janairu sanyi ne na gaske, da dare yakan sauko kusan digiri 5, ga ruwan sama. Sanyi yana tsotse batir. Waɗanda ba ka aiki da su ka sa a aljihun ciki, kusa da jikinka.

Soket ɗin Maroko mai ƙafa biyu zagayayyu ne irin na Faransa, na Saudiyya kuwa yawanci irin namu ne mai ƙafa uku. Adafta ɗaya mai kyau da wayar soket mai baki huɗu daga gida sun gama maka komai. Wannan wayar za ta yi maka rana, don ɗakin otal ɗin ayari mutum huɗu ne a kan soket biyu, kowa da wayarsa.

Ga wani abu da ba kowa ke faɗa ba, kuma ni da kaina na sha shi. Wutar Nijeriya da ta Maroko 50 take bugawa a daƙiƙa, ta Saudiyya kuwa 60. Ƙwan lantarki ba tsaye haskensa yake ba, ƙyaftawa yake yi daidai da bugun wutar, ido ne kawai ba ya gani. Kyamara tana gani. Mu nan mun saba ɗaukar hoto 25 a daƙiƙa da saurin ƙiftawa (shutter, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗe wa haske) 1/50, ya dace da wutarmu. Na taɓa zaunar da wani dattijo a ɗakin otal a Madina, ya yi kusan rabin awa yana ba da labarin yadda mahaifinsa ya je Hajji a ƙasa ta Chadi da Sudan, shekaru a hanya. Hira ce da ban taɓa samun irinta ba. A ƙaramin allon kyamara ban lura da komai ba. Sai da na dawo Zariya na buɗe a kwamfuta na ga layuka masu duhu suna gangarowa a fuskarsa daga sama zuwa ƙasa, tun daga farko har ƙarshe. Na yi kwanaki ina gyara, ya ragu amma bai fita ba. Maganin abin daƙiƙa biyu ne: da ka sauka Jidda ka bar hotonka a 25 yadda duk aikin zai zama iri ɗaya, ka mayar da ƙiftawa 1/60 duk inda hasken lantarki ne. In ka dawo gida ka mayar 1/50. Ka kuma gyara agogon kyamara, Saudiyya tana gabanmu da awa 2, in ba haka ba hotunan kyamara da na waya za su cakuɗe maka wajen jerawa.

Sai memori. Kyamararka rami ɗaya gare ta, wannan ne rauninta na gaskiya, kuma da tsari ake rufe shi. Kada ka sayi ƙato guda ɗaya ka zuba tafiyar gaba ɗaya a ciki. Gara mai gigabait 64 guda shida da mai 256 guda ɗaya ko biyu. A kan bidiyo na yau da kullum 80D tana cin wajen gigabait 13 a awa, in ka sa ta a mafi nauyin tsarinta ta kai kusan 40. Hoton RAW, wato ɗanyen hoto da kyamara ba ta sarrafa ba, guda 1,000 kuwa wajen gigabait 30 ne. Da wannan za ka iya lissafin kwanakinka. Ka nemi mai alamar V30 a jiki, wato ba ya rubutu ƙasa da megabait 30 a daƙiƙa.

Kuma ka gwada kowanne kafin ka tashi, don jabu ya cika kasuwa. Na taɓa sayen wani mai rubutun 128 a farashin da ya kamata ya sa ni shakka. Na kai shi Kaulaha lokacin Maulidi. Kyamara ta karɓe shi, tana nuna tana ɗauka, lamba tana tafiya. Da dare na zo kwashewa, hotunan safe suna buɗewa, duk abin da na ɗauka daga azahar zuwa isha sunaye ne kawai babu komai a ciki. Ainihin cikinsa bai wuce 16 ba, an yi masa dabara ne yana faɗin ƙarya. Akwai wata manhaja ta kyauta, H2testw, tana cika memori taf da bayanai sannan ta karanta su ta faɗa maka gaskiyar girmansa. Tun daga ranar ban sake sa memorin da ban gwada ba a kyamara.

Kowane dare, komai gajiya, kafin ka kwanta ka kwashe aikin ranar zuwa kwamfuta da kuma ƙaramar ma'ajiyar SSD. Kada ka goge memorin da ya cika sai ka dawo gida, ka juya ɗan makullin gefensa ka ajiye. Kwafi uku ke nan, kuma kada su kwana a jaka ɗaya. Memori a jikinka tare da fasfo, SSD a wani wuri daban. Na'urar binciken kaya ta filin jirgi ba ta yi wa memori komai, kada wannan ya dame ka.

Gilashi kuwa, a nan ne zan ce ka kashe kuɗi kaɗan. 18-135 shi ne jakin aikinka, zai yi maka kashi uku cikin huɗu na tafiyar. Amma tsohon birnin Fas ba irin filin Idi ba ne. Ka ɗauki lungunan cikin birnin Zariya ka matse su, ka ɗaga katangunsu hawa uku, ka zuba musu mutane da alfadarai masu kaya. Mota ba ta shiga. Wani lungun in ka buɗe hannuwa za ka taɓa bango biyu. In ka ji ana “balak, balak” a bayanka, ka manne da bango ka rungume kyamara, dabba ce tafe da lodi. A irin wannan wuri gilashinka na 50, wanda a kan 80D yake zama kamar 80, ba shi da wurin ja da baya. Ka nemi EF-S 10-18, ko na hannu ne. Nauyinsa giram 240, yana da maganin girgiza, kuma da shi za ka haɗa ayarinka duka a ƙofar Bab Bujulud ko a farfajiyar masallacin Ƙarawiyyin, wanda aka kafa tun 859. Sai dai kada ka sa mutum a gefen hoto in kana kan 10, yana miƙe fuska, kuma babu hajiyar da za ta yafe maka wannan. In kuɗi ya ragu ka ƙara ɗan siririn nan 24 mai buɗewa 2.8, giram 125 ne, yana taimako a cikin zawiya inda haske ya yi ƙasa. Na 50 ka riƙe shi don hoton fuska ɗaya-ɗaya.

Ka sayi filtar rage haske, wadda ake kira ND, mai juyawa. Da tsakar rana a Arfa ko gindin Uhudu, in kana kan 1/50 da ISO 100 (ma'aunin jin haske na kyamara), sai ka tsuke idon gilashi har 22 kafin hoto ya daidaita, kuma a nan ne duk ƙurar da ke kan sensa, wato farantin da ke kama hoto a cikin kyamara, take fitowa ɗigo-ɗigo a sararin sama. Filta za ta mayar da kai 5.6. Bakin 18-135 da na 10-18 duka milimita 67 ne, filta ɗaya ta ishe su, sai dai ka lura da kusurwoyi in ka buɗe har 10.

Tunda na ambaci ƙura: kai ɗan Zariya ne, hunturu ya riga ya koyar da kai. Abin da Agadas ta ƙara mini shi ne kada in canza gilashi a waje in iska na kaɗawa. Na yi haka sau ɗaya a gindin hasumiyar babban masallacinsu, mai tsawon mita 27, don ina so in kamo ta duka, sauran hotunan tafiyar sai da na bi su ɗaya-ɗaya ina goge tabo. Ka shiga mota ko ɗaki, ka kashe kyamara, ka kifa bakinta ƙasa, sannan ka canza. Ɗan famfon roba na hura iska da ƙyalle mai laushi su zauna a aljihun jaka.

Abin da hunturu bai koya maka ba shi ne raɓa. Gilashi mai sanyi in ya shiga iska mai ɗumi da laima, gumi yake yi ciki da waje. A Jidda yana faruwa in ka fito daga ɗaki mai esi. A Fas kuwa akasin haka ne, ka yini a sanyin titi ka shiga zawiya cike da mutane da numfashi, nan take komai ya yi fari. Kada ka goge, kada ka cire gilashin. Tun a waje ka sa kyamara a leda mai zif ka rufe, ka shiga da ita ka ba ta minti 15 ko 20, gumin ya taru a jikin leda maimakon jikinta. Wato ka riga ayarinka isa wurin. Ƙullin silika da ake samu a kwalin sabon takalmi ka tara su ka watsa a jaka, suna shanye laima, suna hana gilashi yin fumfuna.

Yanzu sauti, wanda yawancinmu masu hoton biki muka raina saboda mun saba ɗora waƙa a kan komai. A wannan aikin sauti shi ne rabin abin da za a biya ka. Zikirin Juma'a bayan la'asar a zawiya, talbiyya a cikin mota bayan an ɗaura harami, addu'ar jagora, muryar tsohuwa tana kiran sunayen 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya tana sa musu albarka. Babu waƙar da za ta maye gurbin waɗannan. Makirfon jikin kyamara ba zai kamo su ba, sai ƙarar iska da motsin yatsunka. Ka sayi ƙaramin makirfo marar waya na maƙalawa a riga, irin su Rode Wireless GO ko DJI Mic ko na ƙasa da su, masu aiki a kan zangon rediyo na 2.4GHz, wanda ake amfani da shi ko'ina a duniya. Ka tabbata da 'yar hular gashin nan ta tare iska. 80D tana da ramin makirfo da na abin sauraro, wanda kyamarori da yawa masu tsadarta ba su da shi. Ka sa abin sauraro a kunne duk lokacin da kake ɗauka. Ka kuma tuna tana yanke bidiyo da kanta a minti 29 da daƙiƙa 59, don haka in wa'azi ya yi tsawo ka tsayar ka sake dannawa a inda malam ya numfasa.

Dron kuwa, cire shi daga ranka gaba ɗaya a wannan tafiya. Tun 2015 Maroko ta hana shigo da shi ba tare da izini ba, kuma ƙanƙantarsa ba ta cetonsa, har ƙaramin nan mai giram 249. Na ga abokin tafiya ya tsaya fiye da awa biyu a gefe ana rubuce-rubuce a kan nasa, motar ayari tana jira, tsofaffi sun gaji. A Saudiyya ma sai da rajista da izinin hukumar jiragen samansu, sararin Makka da Madina kuwa ba wurin da baƙo zai yi tunanin tayar da shi ba ne. Kuɗin dron shi ne kuɗin gilashi da makirfo da batir da memorin da na lissafa maka, har da canji.

A Maroko ɗaukar fim na kasuwanci ko na talabijin yana buƙatar takardar izini daga cibiyar fina-finansu da ke Rabat. Kai ɗan ayari ne mai ɗaukar 'yan ayarinsa, to kamanninka su nuna haka. Kada ka ɗaure kyamara da keji da ƙaton makirfo da fitila har ka zama kamar ma'aikacin gidan talabijin. Ka roƙi jagoranku ya rubuta maka takarda da Larabci, mai hatimi, cewa kana cikin ayari kuma hotunan na mahalarta ne. Ka kuma rubuta jerin kayanka da lambar jikin kowanne, ka haɗa da rasit in akwai, kwafi a takarda kwafi a waya. Tana amfani in an tambaye ka a can, tana amfani in wani abu ya ɓata, tana kuma amfani ranar dawowa in kwastan suka so sanin ko sababbi ka shigo da su. Soja, ɗan sanda, shingen bincike, cikin filin jirgi, ko da wasa kada ka ɗaga kyamara.

Sai mutane, kuma wannan ya fi duk abin da na faɗa nauyi a wurina. A gida an san ka, ana kiranka, yara suna bin ka suna cewa a ɗauke su. A can kai baƙo ne, baƙo kuwa ko da ido makaho ne. Mutanen Fas sun gaji da masu yawon buɗe ido da ke cusa musu kyamara a fuska kamar kayan kallo. Za ka ga mace ta ja mayafi, ka ga mai shago ya ɗaga yatsa yana kaɗawa. In ka ga haka ka sauke, ka dafa ƙirji, ka wuce. Abin da ya buɗe mini ƙofofi a can ba wani abu ba ne illa tarbiyyar gida: sallama tukuna, gaisuwa, ka bar kyamara a rataye, ka tambayi mutum aikinsa. Akwai wani tsoho mai dukan tagulla da na zauna kusa da shi kusan rabin awa, ya ji daga Nijeriya nake na zo ziyara, ya aika aka kawo shayi. Shi da kansa ya nuna kyamarar ya gyara zaman hularsa. A Saudiyya abin ya wuce ladabi, doka ce: ɗaukar mutum ba da yardarsa ba ka watsa yana iya kai ka gaban hukuma.

A cikin zawiya ka fara samun masu kula da wurin, kai da jagoranku, ku nemi izini. Kashe fitila, kashe ƙarar kyamara. In an zauna wazifa ka zaɓi gefe ɗaya ka zauna kai ma, kada ka riƙa ratsa sahu, kada ka kusanci farin ƙyallen da ake shimfiɗawa. Hoton da ka ɗauka a zaune, daidai da fuskokin mutane, ya fi wanda za ka ɗauka a tsaye a kansu kyau da mutunci.

In ka samu safiya ɗaya taka, ka je majemar Shuwara. Ta saman shagunan masu sayar da fata ake leƙa ta, za su miƙo maka ganyen na'ana'a ka kanga a hanci saboda wari. Ramuka ne birjik, kowanne da launinsa, mutane tsaye a ciki har gwiwa. Duk wanda ya san majema da karofi a ƙasar Hausa zai ji kamar ya zo gidan dangi, kuma da gaskiyarsa, don fatar jan akuyar Sakkwato da fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita ce Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko. Ka je da hantsi kafin rana ta take, launukan sun fi fitowa.

A Harami, na Makka da na Madina, ka ɗauka babbar kyamara ba za ta shiga ba. Masu tsaron ƙofa kan mayar da mai ita in ba shi da izini, kuma ba wurin jayayya ba ne. Ka bar ta a kulle a otal, wayarka ta isa ɗan abin da za ka ɗauka a farfajiya. Ka gaya wa ayari wannan tun a Zariya don kada wani ya ce ka yi ha'inci. Ni shawarata ma, lokacin ɗawafi da sa'ayi ka mayar da wayar cikin ɗamara. Kai ma Umra ka je yi, kuma babu wanda ya san ko za a sake kiransa. Aikin kyamara yana wuraren ziyara: Ƙuba, Ƙiblataini, Uhudu, Arfa, gindin Jabalun Nur, da cikin mota, da wurin cin abinci. Can ne za ka gane ashe abin da kake tsoron ba ka iya ba ka fi kowa iyawa. Baƙar fuska cikin farin harami a tsakiyar rana tana rikita masu hoto da yawa, ko fuska ta yi duhu ko tufa ta ƙone. Kai kuwa shekara nawa kana ɗaukar farar babbar riga da rawani a filin Idi? Ka ɗauka a RAW, ka kunna gargaɗin ƙonewar fari, ka juya mutum ya ba rana baya ko ka ja shi inuwa, ka cika fuskar da 'yar fitila. Aikin da ka saba ne.

Abu ɗaya da ya shafi ayari. Ka karɓi jerin sunayensu tun ranar farko, ka riƙa sa alama a gaban duk wanda ka yi wa hoto shi kaɗai a kowane muhimmin wuri. In ba ka yi haka ba, za ka dawo ka tarar masu baki da masu son hoto suna da ɗari-ɗari, wata tsohuwa mai kunya da ke tafiya a baya ba ta da ko ɗaya, ita kuwa wataƙila gona aka sayar aka biya mata. Ka tambayi matan da ba sa son a ɗauke su, ka kiyaye. Ku kuma yi magana da jagora a rubuce: bidiyo mai minti nawa, hoto nawa ga kowa, yaushe za ka miƙa, wa zai sayi data, don kullum da dare za su so ɗan guntun da za su tura gida.

Jakar hannu yawancin kamfanoni kilo 7 ko 8 suke bari. Kyamararka giram 730 ce, gilasan nan huɗu duka ba su kai kilo ɗaya da rabi ba, saura kwamfuta da batira da nauyin jakar kanta. Zai shiga, amma da ƙyar. Ƙafar kyamara ta tafi a babban akwati cikin tufafi, kuma ƙarama mara nauyi. In za ka iya aron jikin 70D ko 60D wurin abokin sana'a ka riƙe don ko-ta-kwana, ka yi, batirinsu da gilashinsu ɗaya ne da naka.

Kafin ranar tashi, ka haɗa jakar yadda za ka tafi da ita, ka goya, ka taka daga Ƙofar Doka zuwa fada ka zaga kasuwa ka dawo, kana ɗauka kamar kana can, da makirfo da filta da komai. A nan za ka ji inda igiya ke cin kafaɗa, ka ga abin da ka manta da abin da ka ɗauko a banza. In ka sayo memorin ka kawo mini shago mu gwada su tare. Kowanne yakan ɗauki kusan awa ɗaya, don haka ka zo da safe, ka taho da jakar ma mu ɗora ta a sikeli.